Le Sahel ko Aminiya: wacce ce za ta fi amfanar ɗan kasuwar Maraɗi?

Ɗan kasuwar Maraɗi talakan sarki biyu ne. Dokar da za ta hana shi fitar da wake ko raguna daga Yamai take fitowa, tafiyar fiye da kilomita 600. Abin da zai sa waken ya hau ko ya faɗi kuwa, sau da yawa a Abuja ake yanke shi, ya biyo ta Kano da Katsina, ya shigo ta Jibiya da Ɗan Isa kafin a kira la'asar. Katsina ko kilomita 100 ba ta kai ba daga nan. Mutumin da ke wannan hali, in zai ware rabin awa da safe da ɗan kuɗin intanet ɗinsa don ya karanta jarida guda, ya kamata ya san wacce zai ɗauka da abin da zai rasa in ya bar ɗayar.

Biyu zan auna, domin su ne manya a ɓangarorin nan biyu ga mai jin Hausa ko Faransanci. Ɗaya Le Sahel ce ta gwamnatin Nijar. Ɗayar Aminiya ce, ta kamfanin Media Trust na Abuja, tare da yayarta ta Turanci, Daily Trust, don ba a raba su: gida ɗaya ne, kuma yawancin manyan rahotannin da ke fita a ɗaya suna fita a ɗayar.

Le Sahel tsohuwa ce. Tun lokacin samun 'yancin kai gwamnati ke da jaridarta mai suna Le Temps du Niger, aka sauya mata suna zuwa Le Sahel a 1974, shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki. Hukumar ONEP ce ke buga ta, ita da ta ƙarshen mako, Sahel Dimanche. Ma'aikatanta ma'aikatan hukumar gwamnati ne, shugabansu gwamnati ce ke naɗa shi. Duk wanda ya san wannan ba zai yi mamakin shafin farko ba: shugaban ƙasa ya karɓi baƙuncin wane, firaminista ya gana da tawagar kaza, minista ya buɗe taron ƙara wa juna sani a wani otel. Haka take a zamanin Tandja, haka a zamanin Issoufou da Bazoum, haka kuma take bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Hoton da ke sama ne kawai ke canjawa.

Masu raina ta a nan suke tsayawa, kuma kuskurensu ke nan. Amfanin Le Sahel yana tsakiya da baya. A tsakiya ake buga sanarwar taron majalisar ministoci sukutum, ba a rage ko wasali ba: wace doka aka amince da ita, wane haraji aka ɗora ko aka ɗage, wa aka naɗa darektan duwan, wato kwastan, wa aka tura gwamna. A baya kuma akwai shafukan da ɗan kwangila ke ci da su, wato sanarwar neman masu aiki. Ma'aikatar kaza tana son a gina azuzuwan lakwal, wani shiri na raya karkara yana son a haƙa rijiyoyin burtsatse a Dakoro ko Mayahi, hukuma tana neman mai kawo mata buhunan gero. An rubuta ranar rufe karɓar takardu, da kuɗin da za a ajiye jingina a banki, da ofishin da za a kai ambulan.

Na taɓa zama a shagon wani Alhaji mai sayar da siminti da rodi, ɗan ƙanensa ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo yana karanta masa irin wannan shafi a waya. Yaron yana jan rubutun da yatsa biyu don ya girma, yana fassarawa layi-layi. Ya ce, "Baba, sun ce sai wanda ya taɓa yin aiki irinsa sau biyu, kuma da takardar shaidar biyan haraji wadda ba ta wuce wata uku ba." Alhaji bai ce uffan ba, ya jawo aljihun tebur ya fito da wata takarda da ta sha naɗi, ya miƙa masa. "Duba mini ranar da ke jikin wannan." Ta wuce da sati biyu. Washegari tun da safe aka tura yaro ofishin haraji. Babu wata rediyo ko rukunin WhatsApp da zai yi wa Alhajin wannan aikin, don babu mai haƙurin karanta sharuɗɗa goma sha a iska.

Haka nan dokokin kasuwanci. Lokacin da gwamnati ta hana fitar da hatsi a watan Oktoban 2024, maganar da ta bazu a kasuwa ita ce "an rufe komai". Takardar kanta kuwa ta jera abin da ta shafa, shinkafa da gero da dawa da masara da wake, ta kuma keɓe Mali da Burkina Faso. Mai kamyo da aka loda masa kaya yana buƙatar ya san ko abin da ke bayansa yana cikin jerin, kuma daga wace rana dokar ta fara aiki, tun da jami'in duwan da rubutun zai kama shi, ba da abin da aka faɗa a tasha ba. Irin haka ya sake faruwa a watan Mayun 2025 da aka hana fitar da dabbobi gabanin Babbar Salla. A kan lafazin doka da kwanan wata, Le Sahel ta fi kowa, saboda daga bakin mai dokar take ɗaukowa.

Inda take barin mai karatu a rana shi ne bayan an kafa dokar. Me ya faru da makiyayin da ya yi wata shida yana kiwon raguna da niyyar kai su Kano ko Legas, ya wayi gari ba shi da kasuwa sai ta gida? Nawa manomin wake ya rasa a kowane buhu da masu saye daga kudu suka daina zuwa? Wa ya ci gaba da tsallakawa da dare, kuma da sanin wa? Jaridar za ta kawo maka ziyarar da gwamna ya kai kasuwar dabbobi da godiyar da masu saye suka yi saboda rago ya yi sauƙi, wanda kuma gaskiya ne ya yi sauƙin. Ɗaya rabin gaskiyar, na mai sayarwa, sai dai ka je kasuwa ka ji da kunnenka. Ba ina cewa 'yan jaridarta ba su iya aiki ba ne. Sahel Dimanche takan yi rahotanni masu kyau a kan sana'o'i da garuruwa, noman aya ko jar akuyar Maraɗi ko masu jima, rubutu mai natsuwa da za ka ƙaru da shi. Amma binciken da zai taɓa mai mulki ba a gidan ake yinsa ba. Badaƙalar sayen makamai ta ma'aikatar tsaro da ta fito a 2020, wadda aka yi maganar fiye da biliyan 70 na sefa, jaridu masu zaman kansu irin su L'Événement ta Moussa Aksar ne suka bi diddiginta, kuma ya sha zuwa kotu a kai.

Sai matsalar harshe. Da Faransanci ake buga ta, Faransancin ofis ma, mai dogayen jimloli. Yawancin Alhazan da suka gina kasuwancin garin nan makarantar allo da ta zaure suka yi, ba lakwal ba. Kundin tsarin mulkin riƙon ƙwarya da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci harshen aiki, amma jaridar gwamnati har yanzu sai da tafinta ga mafi yawan mutanen da ake yi wa dokar.

Aminiya a nan ta fara cin maki tun kafin a buɗe ta. Hausa ce, ko da yake Hausar Kano da Kaduna ce, kuma za ka ci karo da kalmomin Ingilishi da ba a saba da su a nan ba. Ba abin da zai hana fahimta. Kamfanin ya fara ne da Weekly Trust a Kaduna a 1998, ƙarƙashin jagorancin Kabiru Yusuf da abokansa, Daily Trust ta biyo baya a 2001, Aminiya kuma a 2006. Ba na gwamnati ba ne, kuma ƙarfinsa a Arewa yake, wato daidai yankin da Maraɗi ke ciniki da shi. Jaridun Legas sukan ɗauki Katsina da Jigawa tamkar wata ƙasa. Wannan gidan yana da wakilai a can, suna shiga kasuwar Dawanau da ta Mai'aduwa da ta Maigatari, suna magana da dillalai da harshensu.

A duba manyan abubuwan da suka girgiza kasuwar Maraɗi a 'yan shekarun nan, a ga nawa ne suka taso daga kudu. Buhari ya rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, shinkafar da ake tsallakarwa ta tsaya, masu manyan shaguna da 'yan dako da masu babura duk suka ji a jikinsu. A ƙarshen 2022 Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, 'yan canjin nan da ke riƙe da tsofaffin takardu a buhu suka shiga zulumin wa'adin da aka yi ta ɗagawa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta da kanta, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu wanda aka yanke a Yamai, kuma kowanne ya shiga aljihun mai shago a Maraɗi.

Ɗauki maganar mai kaɗai. Shekara da shekaru garin nan da ruwa-ruwa yake tafiya, kwalabe da jarkoki a bakin titi, man Najeriya mai tallafi wanda ya fi na gidan mai araha. Da tallafin ya tafi, lissafin ya juye. Gwamnatin Nijar kuma ta rage farashin lita zuwa sefa 499 a watan Yulin 2024. Jama'ar da a da ba su taka gidan mai suka koma can gaba ɗaya, ga matatar SORAZ ta Damagaram ganga 20,000 take iya tacewa a rana, ba a gina ta don ta ɗauki wannan nauyin duka ba. Sakamakon shi ne dogayen layukan watan Maris na 2025. Wanda ke bin labarin mai na Najeriya tun 2023 yana iya hango cewa ruwa-ruwa ya kusa zama tarihi, ya sauya sana'a ko ya sake lissafin kuɗin motarsa da wuri. Wanda ke jiran sanarwar hukuma kaɗai, sai da ya ga layi ya sani.

Ga kuma tsaron hanya, wanda ga mai zuwa Katsina da Kano ya fi komai. Jibiya, Batsari, Safana, dajin Rugu, da iyakar Sakkwato ta wajen Sabon Birni da Isa da ke maƙwabtaka da Gidan Rumji: 'yan bindigar ba su san iyaka ba. Aminiya tana ba da labarin hari da sunan ƙauye da adadin da mazauna suka faɗa, ko da 'yan sanda sun musanta, sai ta kawo duka biyun. Wannan ɗabi'a ta taɓa jawo wa gidan wahala. A watan Janairun 2019 sojoji sun mamaye ofisoshin Daily Trust na Maiduguri da Abuja, suka tafi da ma'aikata da kwamfutoci, saboda wani rahoto a kan shirin ƙwato garin Baga. Jaridar da sojan ƙasarta ya taɓa rufe wa ƙofa saboda labari, ta nuna aƙalla cewa ba kullum take jiran izini ba.

To amma kada a ɗauke ta ma'asumiya. A watan Yulin 2024 Daily Trust ta buga babban kanu cewa Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Samoa mai ɗauke da sharaɗin amincewa da auren jinsi, har da maganar dala biliyan 150. Labarin ya kama wuta, aka yi ta huɗuba a kai, ya tsallako har nan ta wayoyi. Gwamnati ta kai ƙara gaban hukumar sauraron ƙorafi ta kafafen watsa labarai, hukumar ta bincika ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar ta fito ta ba da haƙuri bayan 'yan watanni. Abu biyu mai karatu zai ɗauka a nan. Gidan yana iya yin babban kuskure, musamman a labarin da ya dace da abin da masu karatunsa suka riga suka yi imani da shi. Kuma akwai inda za a kai shi ƙara har ya janye a rubuce. Sai dai janyewar ba ta yi tafiyar da labarin farko ya yi ba. Har gobe akwai wanda zai rantse maka da shi a fada.

Akwai kuma maganar inda abincin jarida ke fitowa. Sayar da takarda ya daina riƙe kowace jarida, talla ce ke riƙe ta, kuma a Arewacin Najeriya manyan masu ba da talla gwamnatocin jihohi ne da bankuna da kamfanonin waya. Ka buɗe bugun takarda ranar da wani gwamna ya cika shekara a kan mulki, ka ƙirga shafukan taya murna. Ba na cewa an sayi alƙalamin kowa, amma in ka ga an yi wa wata jiha sassauci, yana da kyau ka tuna da waɗancan shafukan. Le Sahel ubangida ɗaya gare ta kuma kowa ya san shi. Ta Abuja iyayen gidanta da yawa ne, ba kuma a rubuta sunayensu a goshi ba.

Babban rauninta gare mu shi ne labarin Nijar kansa. Galibi daga nesa ake rubuta shi, a ɗauko daga kamfanonin dillancin labarai na waje, a fassara. Sunayen garuruwanmu kan fito a karkace, a rikita jiha da gunduma, kuma ba kasafai ake bin labari har ƙarshensa ba. Dokar haraji ta Nijar ko sabon tsarin duwan ba za su samu ko layi biyu ba. Harajin kashi 0.5 cikin ɗari da ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, suka ɗora wa kayan da ke shigowa daga waje a watan Maris na 2025 an ba da labarinsa ne ta fuskar abin da zai yi wa Najeriya, ba yadda mai shigo da kaya ta Ɗan Isa zai biya shi ba. A yi musu adalci dai: lokacin takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, bayan juyin mulkin 2023, da aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke zuwa mana, aka kuma yi barazanar yaƙi, jaridun Arewa na cikin waɗanda suka fi ɗaga muryar malamai da sarakuna da sanatocin da suka ce ba za a yaƙi 'yan'uwa ba.

Ranar da za ka fi ganin bambancinsu ita ce ranar da gwamnatocin biyu suka saɓa. A ƙarshen Disambar 2024 shugaban mulkin sojan Nijar Janar Tiani ya yi doguwar hira da Hausa, ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa don tayar da fitina a Nijar. Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro a lokacin, da sauran jami'an Abuja suka fito suka musanta. Mai karanta jaridar Yamai kaɗai zargin ya ji a matsayin zance tabbatacce. Mai karanta ta Abuja ya ji zargin a taƙaice, martanin a faɗaɗe. Ɗan kasuwa ba alƙali ba ne a wannan shari'a, abin da ya dame shi shi ne ko za a sake rufe iyaka, kuma ba zai iya auna zafin lamarin ba sai ya ji yadda kowane ɓangare ke magana da mutanensa.

A da wannan zaɓi bai da nauyi haka, don rediyo na cike giɓin. Bamaraɗe da BBC yake karyawa, ya yi sallar isha'i da Muryar Amurka ko DW. An dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023. An dakatar da BBC a Disambar 2024. Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru a watan Maris na 2025, wannan karon daga Washington aka kashe shi. Gidajen rediyon gari irin su Anfani suna nan, ga shirye-shiryen Studio Kalangou da ake ji ta tashoshi da dama, amma kowa na taka-tsantsan tun da aka ga an tsare 'yan jarida irin su Samira Sabou da Idrissa Soumana Maïga na L'Enquêteur. Abin da ya cike wurin da aka bari shi ne waya: saƙon murya a WhatsApp, ɗan bidiyo a TikTok, hoton kanun labari da ba a san inda aka yanko shi ba.

Ta fuskar waya, Aminiya ta yi wa Le Sahel nisa. Tana saka labari a Facebook a duk tsawon yini, tana da shirye-shiryen saurare irin su Najeriya a Yau da Daga Laraba, waɗanda mutum zai kunna yana awon hatsi ko yana jiran lodi, ko da bai iya karatun boko ba. Kamfanin yana da talabijin ma, Trust TV. Illarta tallace-tallacen da ke cika shafin, suna cin kuɗin intanet suna kuma nauyaya buɗewa in rezo ya yi rauni. Le Sahel tana da shafinta na intanet, kuma ya wadatar ga mai neman sanarwa, amma tafiyarta ta ofis ce: abin da ya faru yau gobe za ka gan shi a tsare. Shigowar Starlink a 2025, bayan Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms, ta sauƙaƙa wa masu hali buɗe kowace, sai dai saurin intanet bai ƙara wa labari gaskiya.

Abu biyu na fasahar zamani ya kamata a yi hattara da su, kuma sun shafi jaridun biyu daidai. Na farko jabu. Ɗaukar tambarin jarida a manna a kan ƙarya aikin minti biyu ne yanzu, kuma da ƙirƙirarriyar basira har murya da fuska ake kwaikwaya. An ga bidiyoyin bogi na Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina Faso sun zagaya duniya, an ga hotunan takardun "sabon kuɗin AES" sun sha yawo a rukunoni alhali sefa ce dai a aljihun kowa, tana nan ɗaure da yuro a kan 655.957. Irin wannan jita-jita tana iya sa mutum ya juyar da jarinsa zuwa kaya ko naira a kan asara. Maganinta mai sauƙi ne: in an turo maka hoto da sunan jarida, shiga shafinta da kanka ka nema. Sauya kuɗin ƙasa ba abin da za a yi ba tare da ya fito a shafin farko na Le Sahel ba. A nan ma kasancewarta bakin gwamnati amfani ne.

Na biyu fassarar inji. Waya tana iya juya Faransancin Le Sahel zuwa Hausa, kuma don sanin inda labari ya dosa ta isa. Amma kada a sa hannu a takarda ko a loda mota a kan fassararta. Takan rikita "an hana" da "an dakatar", takan haɗiye togaciya, ga kuma lissafin kuɗi: jarida da faran take rubutu, kasuwa da dala da jika take magana, mai fassara na mutum ya san ya raba da biyar, inji bai sani ba. Dokar da ta shafi dukiyarka, a samu ɗan lakwal ya karanta ta da idonsa.

Sannan a san abin da ake turawa. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka cire wa hukuncin ɗauri a kan ɓata suna a 2022, an mayar mata da shi a watan Yunin 2024: shekara ɗaya zuwa uku a kan ɓata suna ko zagi, biyu zuwa biyar a kan yaɗa abin da aka ga zai iya ta da hankalin jama'a. Karanta rahoton Aminiya a kan wani hari a cikin Nijar abu ne daban, tura shi rukunin mutum ɗari biyu da ƙarin naka sharhin abu ne daban. Wanda ya tura sanarwar Le Sahel ba ya cikin wannan haɗari.

Abin da ko ɗayarsu ba za ta ba ka ba shi ne farashin yau. Nawa tiyar gero a Tasawa, nawa buhun aya a Gazawa, naira nawa ake ba da jika a wannan sa'ar: wannan na dillali ne da ɗan canji. Ka tsaya kusa da teburin mai canji ka gani, waya biyu a gabansa, ɗaya tana karɓar farashi daga Kano, ɗaya tana karɓar kuɗi ta Nita ko Amana, ga na'urar POS ta wani bankin Najeriya a gefe, farashin kuma yana iya motsawa tsakanin azahar da la'asar. Don yanayin farashin amfanin gona na mako-mako akwai bayanan SIMA, hukumar da ke bin farashin kasuwannin amfanin gona, akwai kuma RECA, cibiyar majalisun manoma, da ke aika wa manoma saƙon murya da Hausa. Aikin jarida shi ne ta gaya maka dalilin motsin da inda ya nufa.

To wa zai ɗauki wacce? Ɗan kwangila, da mai shigo da kaya ta duwan da takardu, da mai neman aikin gwamnati ko na ƙungiyoyi, da duk wanda dukiyarsa ke rataye da sa hannun wani jami'i, Le Sahel ce tasa, ba shawara. Ya tsallake shafi uku na farko in ya ga dama, amma kada sanarwar majalisar ministoci ta wuce shi, kada kuma ya bar shafukan baya. Sati ɗaya na sakaci yana iya cinye masa kwangilar shekara.

Ga sauran, kuma su ne mafi yawa, mai hatsi da mai dabbobi da ɗan canji da direba da mai kawo kayan masarufi daga Kantin Kwari ko Singa, ni Aminiya zan ce. Dalilina shi ne sanarwar gwamnatin Nijar ba ta ɓuya: Télé Sahel da Muryar Sahel za su karanta ta da Hausa da dare, gwamna zai tara 'yan kasuwa ya maimaita, gobe kowa ya ji. Abin da ke tahowa daga kudu kuwa babu hukumar da aikinta ne ta sanar da kai. Sai dai ya karanta ta a kan Najeriya, ya yi mata rangwame mai yawa in ta zo maganar Nijar, ranar da aka kafa dokar da ta shafi kayansa kuma ya nemi rubutun Le Sahel ya sa a karanta masa.

Akwai labari guda da zan so kowa ya riƙa bi a duka biyun, wato layin dogo na Kano zuwa Maraɗi. Kilomita 284 ne, kamfanin Mota-Engil ke aikin, an aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021 a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. An sha ɗaga ranar kammala shi. Najeriya ce ke biya, saboda haka labarin bashi da kasafi da inda aka kai da shimfiɗa ƙarfe daga jaridar Abuja zai fito. Inda za a kafa tasha a ɓangarenmu, da filayen wa za a karɓa, da diyyar da za a biya, da yadda duwan za ta tsara sauke kaya, wannan sai a takardun Yamai. Masu sayen fili a hanyar Ɗan Isa da fatan tasha za ta faɗo kusa da su, su fara ganin takardar da ta ayyana wurin kafin su biya.